Bel ɗin wuya ko hanes ga ƙaramin kare, amsa ga Hajiya

Wa'alaikumussalam Hajiya. Na ga tambayarki, kin ce an ba yara ɗan kwikwiyon Lhasa wata huɗu, kina son sanin bel ɗin wuya za ki saya mai ko hanes mai kama ƙirji da baya, kuma kin ce duk sanda yaran sunka ja igiya sai shi kama tari. To wanga tarin shi kaɗai ya isa amsa wallahi. Ki saya mai hanes don hita yawo, kar a sake ɗaura igiya ga wuyanshi.

Na daɗe ina kiwon ƙananan karnuka nan Sakkwato, Lhasa da Eskimo, kuma abin da mutane ba su lura da shi ba, maƙogwaron irin waɗanga ba ƙashi ba ne, guringuntsi ne zobe-zobe, shi ke riƙe bututun iska a buɗe. Karen farauta na gida wuyanshi na da tsoka, a ja shi da igiya ko a jikinshi, amma ɗan abin da bai wuce kilo 5 ko 6 ba in ana fizgar wuyanshi kullum to wurin nan ake matsawa. Kuma dama ƙananan iri da yawa, Pomeranian, Chihuahua, Yorkshire da sauransu, an san su da ciwon nan da bututun ke laushi shi riƙa lotsewa, sai ki ji kare na wani busasshen tari kamar kukan dinya musamman in ya yi murna ko ya yi gudu. Ban ce naki na da shi ba fa, amma jan wuya ƙara tsananta shi yake. Ga Lhasa kuma hancinshi gajere ne, numfashi dama ba wadatarshi yake ba, idanu ga su a waje, matse wuya na ƙara ma ido nauyi daga ciki. Sannan yara ba su san ja a hankali ba, in kare ya tsaya shinshina wani abu fizga kawai suke.

Sai dai hanes ɗin ma ba kowanne ba. Wanda ya fi shi ne wanda in kin dubi kare ta gaba za ki ga maɗaurin ya yi siffar Y, ya zauna bisa ƙashin ƙirji, hannu biyu sun bi gefen wuya sun hau kafaɗa. Akwai wani mai maɗauri guda da ke gittawa ta gaban kafaɗu, wannan yana takura tafiya, in kuma ya yi sako-sako sai shi hau sama shi koma wuya, kin ga ba a rabu da Bukar ba. Kar ki saya da ido ko ki ce ma mai shago ba ni na ƙarami. Ki ɗauko tef ɗin tela ki auna zagayen ƙirjinshi daidai bayan ƙafafun gaba, ki tafi da awon. Bayan an sa mai ki tura yatsu biyu ƙarƙashin maɗaurin, in sun shiga daidai to ya yi, in hannunki duka ya shige to ranar da babur ya tsorata shi baya-baya zai yi shi zare kanshi shi bar ki da igiya a hannu. Na ga haka da idona wajen Gawon Nama, ɗan kare ya suɓuce ya faɗa titi tsakanin masu kabu-kabu, Allah ne dai ya kiyaye. Kuma tunda wata huɗu gare shi kar ki zuba kuɗi ga mai tsada, girma zai yi, ki nemi mai wurin ƙarawa da ragewa ki riƙa dubawa duk mako.

Abin da masu saidawa a intanet ba za su gaya maki ba shi ne zafin garinmu. Irin masu kama da falmaran ɗin nan masu soso ciki, kyau a hoto, an yi su ne don ƙasashen sanyi. Nan da watan Afrilu zafi ke wuce digiri 40, ga kare mai gashi har ƙasa, kuma kare ba gumi yake irin namu ba, da haki yake rage zafin jiki, ki naɗe mai ƙirji da soso ai kin zalunce shi. Ki nemi mai siririn maɗauri ko mai raga-raga mara nauyi. Hita kuma sai bayan asuba ko in la'asar ta yi sanyi sosai, ki ɗora bayan hannunki bisa kwalta, in ba ki iya daurewa ba shi ma tafinshi ƙonewa zai yi.

Da an dawo gida a cire mai shi. Wannan ina nanatawa don nan mutane ke kasala, a bar hanes jikin kare mako guda, ranar da anka kwance sai a tarar gashin hammata ya dunƙule ya cukurkuɗe sai almakashi, fata ta yi ja ta saɓule, ga kaska ta samu maɓoya ta yi layi ƙarƙashin maɗaurin musamman da damina. Ni in na cire sai na bi hammata da bayan kunne da yatsa sannan in taje. A wanke hanes ɗin da sabulu lokaci-lokaci don ƙurar hunturu na sa shi tauri shi riƙa gurzar fata.

Bel ɗin wuya ba a yar da shi ba, yana da aikinshi. Ki sa mai marar nauyi da ɗan ƙarfe mai lambar wayar maigida ko da ya ɓace, amma ba na ja ba ne. Wanga kam dukawanmu na yin shi da jar fata mai laushi, ya fi na roba da ake kawowa. Shi ma yatsu biyu, kuma in za a rufe karen a keji a cire, yana iya maƙalewa ga waya shi shaƙe. Sarƙar nan mai zargewa da ake sa ma manyan karnukan gadi kuwa ko kyauta anka ba ki kar ta kusanci wuyanshi.

Wani zai ce maki hanes na koya ma kare ja. Ba shi ke koya mai ba, sai dai ya fi jin daɗin jan tunda ba a shaƙe shi. Maganin shi ne da ya ja ki tsaya cik, sai igiya ta saki ku ci gaba, ki ɗan ba shi tsokar nama in ya dawo gefenki, yaran ma a koya masu haka. Farkon sa mai hanes zai ƙame ko shi kwanta shi ƙi motsi, ki bar mai shi 'yan mintoci lokacin cin abinci zai saba.

Tarin nan in bai bari ba bayan an daina jan wuya, ko yana yi ko ba igiya, ki kai shi asibitin dabbobi na jami'ar Danfodiyo su saurari ƙirjinshi. Ki tambaya kuma ko an yi mai allurar haukan kare, daga wata uku ake yi sannan duk shekara, tunda cikin yara yake.