Tambaya da Amsa: Albam ɗaya nake ta maimaitawa, lafiya kuwa?

Tambaya: Salam Anti, dan Allah a taimaka min. Wata ƙawata ce ta turo min wani albam sati uku da suka wuce, tsoho ne ma ya girme ni, wallahi tun lokacin ba na jin komai sai shi, safe shi dare shi, ko na kwanta waƙa ta huɗu na ta yawo a kaina. Kuma ranar farko bai wani burge ni ba fa. A guruf ɗinmu kowa na turo sabon abin da ya gano, ni kullum abu ɗaya har sun fara min tsiya. Lafiyata ƙalau kuwa? Ba zai gundure ni ba?
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ƙalau kike, kuma ni kam na ji daɗin wasiƙar nan sosai. Yadda bai burge ki ba da farko daga baya ya kama ki, sanannen abu ne, tun 1968 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Zajonc, ya nuna cewa yawan haɗuwa da abu kaɗai kan sa mutum ya ƙara son sa. Sannan a 2011 masu bincike a jami'ar McGill ta Kanada suka gano ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin jin daɗi, dofamin, tun kafin a iso wurin nan na waƙa da ke tayar miki da tsikar jiki, wato jiran ma kansa daɗi ne. To ta yaya za ki jira abin da ba ki sani ba? Sai kin san waƙar tukuna, shi ya sa ji na goma ya fi na farko.

Abin da zan roƙe ki, ki riƙa jin sa a jere daga farko har ƙarshe, kar ki cakuɗa. Da can faifan garmaho minti uku zuwa biyar yake ɗauka a fuska ɗaya, sai a 1948 kamfanin Columbia ya fito da mai ɗaukar sama da minti 20 a kowace fuska, daga nan mawaƙa suka samu sararin tsara wacce za ta buɗe wacce za ta rufe, kuma har yau suna ji da wannan tsarin, don a 2021 mawaƙiyar Birtaniya Adele ta nemi Spotify, dandalin sauraron waƙoƙi, ya daina cakuɗa waƙoƙin albam da zarar an danna, aka kuma yi mata. Waƙarki ta huɗun nan, ki lura da yadda ta ukun ke share mata hanya.

Gundura kam tana iya zuwa. In kin ji kin fara tsallake waƙoƙi ki ajiye shi wata ɗaya ki dawo.

Kunnenki ne ma ya fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce awa 40 a sati yana sauraro a ƙarar desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), kuma ƙarar na hawa lokacin na raguwa da sauri, don haka ki rage murya in da iyafis kike ji.

'Yan guruf kuwa, daina tura musu albam ɗin gaba ɗaya, tura waƙa ta huɗun kawai ki ce su saurari daidai minti kaza inda ta kama ki. Ki sake rubuto mana mu ji wa ya fara kamuwa.