Ganyen shukar cikin ɗaki yana yin rawaya

Kin ce kullum kina ba ta ruwa, amma ganyen sai ƙara rawaya yake. To 'yar'uwa, ruwan ne ya yi yawa. Saiwa ma tana buƙatar iska, in ƙasa ba ta tsanewa ruɓewa take. Ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, in da damshi ki ƙyale ta. Ki duba ko gindin tukunyar na da huji, wasu masu kyan nan ba su da shi sam. Ki matsar da ita kusa da taga. Kada ki zuba taki yanzu, ƙona saiwar zai yi. In saiwar ta yi baƙi tana wari, ki kai wa masu renon furanni su duba.