Yadda kasko ɗaya yake haifar rassa

Ka tambaye ni, yaro, me ya sa Chicken Republic suke da shaguna a Legas da Abuja da Kano har Ghana, mu kuwa muna nan bakin tasha da kasko ɗaya, alhali kazarmu ba ta gaza tasu daɗi ba. Ajiye wuƙar ka saurara.

Su ma da shago ɗaya suka fara, a Legas, a 2004. Kafin su akwai Mr Bigg's na kamfanin UAC tun 1986, KFC kuwa, masu soyayyar kaza na Amurka, sai 2009 suka shigo Najeriya. To labarin KFC ɗin ne zai fi yi maka amfani. Wanda ya kafa shi, Harland Sanders, a gidan mai ya soma sayar da abinci a garin Corbin na jihar Kentucky a Amurka, a 1930. Matafiya ne masu cinikinsa, kamar direbobin da ke tsayawa a nan. Matsalarsa irin tamu ce: suya a kasko tana cin kusan rabin awa, matafiyi kuwa ba ya jira. Sai ya koma suya a tukunya mai murfi da ke riƙe tururi, nama ya nuna da wuri bai bushe ba. Kayan ƙamshinsa kala 11 ne, a aune, ba da ƙiyasi ba. Da aka yi sabon titi ya kauce wa garin, ciniki ya mutu, sai tsohon ya ɗauki tukunyarsa da ƙullin yajinsa a mota yana bin masu gidajen abinci: ku soya da sunana da haɗina, ku ba ni 'yan kwabbai a kan kowace kaza. Na farkonsu a jihar Utah yake, tun 1952, kafin ma a yi titin. Zuwa 1964 wuraren sun haura 600, ya sayar da kamfanin dala miliyan 2.

Yanzu dubi namu. Citta, masoro, kanumfari, tafarnuwa, duk da hannu nake diba. Ran da zazzaɓi ya kwantar da ni, masu saye sun gane tun daga lomar farko. Ɗanɗanon da ke zaune a tafin hannun maigida ba ya zuwa gari na biyu.

Sannan kazar kanta. Su kajin gidan gona suke yanka, girmansu ɗaya, wajen sati shida sun isa, cinyar yau ita ce ta gobe. Mu kajin Hausa muke tsinta a kasuwar Wudil ran Juma'a, wata budurwa, wani tsohon zakara mai tauri sai an daɗe ana tafasa shi. A baki tamu ta fi, wannan ba na jayayya a kai, amma ba za ka iya yanka mata farashi ɗaya ba. Su kuma ga su da firji da janareta, ga mai rubuta lissafi wanda ba ɗan'uwa ba ne. Sun kuma gane ba kowa ke iya sayen kaza guda ba, suka haɗa shinkafa da yanka ɗaya a farashin da ɗan makaranta zai iya.

Gobe ka zo da gwangwanin tumatir da littafi. Duk abin da na diba ka auna ka rubuta, har man gyaɗan da yawan suyar da yake yi kafin ya yi baƙi. Jibi kai za ka soya, ni ina kan benci, ba kuma za mu gaya wa kowa ba.