Tambaya da Amsa: Me ke cikin DAC mai kuɗin mota?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran amfilifaya ne a Zariya. Ina ganin DAC na dala dubu 10 har sama, alhali ɗan ƙaramin na Apple da ake maƙalawa a waya dala 9 ne, kuma duk aikin ɗaya suke, su mayar da lambobin da ke cikin fayil su zama sauti. Don Allah me ke cikin mai tsadar? Kuma in na samu ayisi (IC, ɗan guntun da ke yin wannan aikin) mai kyau zan iya haɗa nawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, gaskiya na ji daɗin tambayar nan musamman da ta fito daga hannun mai riƙe dalma. Abu na farko, ba a ayisin kuɗin yake ba. Yawancin na'urorin nan daga masu araha har masu tsada wajen kamfanoni kaɗan suke sayen ayisinsu, ESS na Amurka da AKM na Japan da Cirrus Logic, shi ya sa da gobara ta ci masana'antar AKM a garin Nobeoka a watan Oktoban 2020 sai ka ga kamfanoni da yawa sun sake zanen kayansu sun koma ESS, dama tushen kaɗan ne.

Wahalar tana wajen daidaito. Faifan CD da Sony da Philips suka fito da shi a 1982 yana ɗaukar sauti sau 44,100 a sakan guda, kowane ɗauka kuma bit 16, wato matakai 65,536. To in za ka bi tsohuwar hanya, tsanin rezisto da ake kira R2R, dole reziston da ke riƙe da babban bit kuskurensa ya gaza kashi 1 cikin 65,536, kai kuma ka san wanda ke cikin durowarka na kashi 1 cikin 100 ne, da shi ko bit 7 da ƙyar za ka samu, sannan da na'ura ta ɗau zafi ƙimarsa ta sake motsawa. Nan ne kamfanoni irin su MSB da Denafrips ke zuba kuɗi, a tace rezisto a auna a daidaita. Philips ma da kansu a na'urarsu ta farko bit 14 suka iya, sai suka ninka saurin ɗaukar sau 4 suka cike giɓin, kuma irin wannan dabarar ce ta yi gaba har aka zo ga delta-sigma da kusan kowa ke amfani da ita yau, bit kaɗan amma da gudu sosai, a tura hayaniyar can sama inda kunne ba ya kaiwa sannan a tace ta. Wasu kuma sun ƙi sayen ayisin kowa, kamar Chord na Ingila da Rob Watts ke rubuta musu lissafin tacewa da kansa, da dCS na Kambirij.

Sai agogon da ke cikin na'urar, wanda ke tsayar da lokacin fitar kowace lamba. In bugun nan 44,100 bai faɗo a kan lokacinsa daidai ba, ko da lambar daidai ce sautin zai ɗan gurɓata. Sai ɓangaren wuta, wanda ni a ganina shi ne rabin aikin, domin bit 24 a takarda desibel 144 ne tsakanin sauti mafi ƙarfi da hayaniya, amma hayaniyar da zafi ke haifarwa cikin rezisto kaɗai ba ta barin a wuce bit 20 zuwa 21, balle a ce wutar ma da datti ta shigo. Wannan mu ya fi shafa, mai aiki da janareta ko inbata mai arha kuma gidan ba a yi masa wayar ƙasa ba, ko DAC na miliyan nawa ya jona zai iya jin wannan gurnanin a lasifika.

Amma fa ban yarda cewa duk kuɗin nan kunne na jin sa ba. Kunnen yaro mai lafiya iyakarsa wajen hez 20,000, kuma yana raguwa da shekaru. Na'urorin Topping da SMSL na ƙasar Sin na ɗaruruwan daloli in an ɗora su a ma'auni ƙazantar sautinsu tana ƙasa da abin da mutum ke iya ji. Ragowar kuɗin akwatin alminiyam ne da aka sassaƙa da ƙarancin adadin da ake ƙerawa da kuma suna.

Haɗa naka kuwa za ka iya, kuma ina so ka gwada. Kar ka fara da manyan ayisin ESS, ƙafafunsu ƙanana ne ainun kuma sai an rubuta musu umarni. Nemi ɗan fanel mai PCM5102 na Texas Instruments, yana fitar da wajen bolt 2 kai tsaye zuwa amfilifaya, ka haɗa masa da fanel mai karɓar USB ya fitar da I2S, wato tsarin lambobin da ayisin ke karɓa, sannan ka yi masa wutarsa daban da taransifoma da regileta mai tsafta, wayoyin su zama gajeru, ka nesanta taransifomar da ɓangaren sauti. Ka fara saurare da cajar waya sannan ka sauya zuwa wutar da ka haɗa ka kwatanta.

Tambaya: Malam in na sayi DAC iyafis ɗina na Bluetooth zai ƙara daɗi? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Amsa: A'a 'yar'uwa, kar ki kashe kuɗinki. Iyafis na Bluetooth DAC ɗinsa na cikinsa, waya lambobi kawai take tura masa bayan ta matse su, don haka na waje ba shi da inda zai shiga. Ki fara duba fayil ɗin, in MP3 ne na 128 kbps, wato wanda aka matse sosai, da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya ki nemi FLAC, wanda ba a rage masa komai ba, ko aƙalla MP3 na 320, in kuma kina son DAC ya yi miki amfani sai ki koma hedifon mai waya.