Amsa ga 'yar'uwar da za a yi wa 'yarta aikin zuciya

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Tun da safe na ga tambayarki, cewa an sa ranar da za a toshe wa 'yarki ramin zuciya, kina son sanin abin da za ki tarar bayan an fito da ita. Allah ya ba ta lafiya. Ni ma na bi hanyar nan da autana yana da shekara 2 da 'yan watanni. Nasa ramin yana tsakanin ɗakunan zuciya biyu na ƙasa, wanda likitoci ke kira VSD, kuma a Indiya aka yi mana aikin.

Ganin farko a ICU, ɗakin kulawa ta musamman da ake kai yaro bayan tiyata, shi ne mai wuya. Da na shiga sai da ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Ga bututu a bakinsa haɗe da na'urar numfashi, ga robobi biyu a ƙasan ƙirji suna zubar da ruwa jini-jini, ga allura a wuya, ga robar fitsari, ga wasu siraran wayoyi sun fito daga fata, fuska kuma ta kumbura har ban gane shi ba. Wata nas ce ta kama hannuna ta yi min bayani ɗaya bayan ɗaya. Kumburin ruwa ne da jiki ke tarawa bayan an ɗora yaro a kan injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu lokacin tiyata, kuma wani magani mai suna Lasix ke fitar da shi ta fitsari. Wayoyin kuwa na ko-ta-kwana ne, idan bugun zuciya ya rikice a daidaita shi. Washegari aka cire bututun baki, sauran aka riƙa cirewa a hankali.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ƙishirwa. Ana auna duk abin da ya shiga cikinsa da wanda ya fita, har famfas ɗinsa sai an ɗora a sikeli. Leɓensa a bushe, murya a shaƙe, yana cewa "Mama ruwa", ni kuma sai dai in jiƙa auduga in shafa masa. Don Allah kada tausayi ya sa ki ba ta a ɓoye. Ruwan da ya wuce ƙa'ida nauyi ne ga zuciyar da aka taɓa, kuma yana iya taruwa a huhu.

Ma'aikatan asibiti za su matsa mata ta yi tari, ta zauna, ta taka, tun kina ganin kamar wuri ya yi yawa. Ki taya su, haka majina ke fita daga ƙirji. Mu ƙaramin filo muke rungumar masa idan zai yi tari. Ki kuma tambaya a ba ta maganin ciwo kafin a zare robobin ƙirji. Idan ta ƙi kallonki ko ta riƙa firgita cikin barci, kada ki sa a ranki. Nawa ya yi kwana biyu yana juya min baya. Kwana 8 muka yi aka sallame mu.

Gida ne wurin da nake so ki fi kula. Ƙashin ƙirji ake tsagawa a ɗaure da waya, wayar tana nan har abada, ƙashin kuma yana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe. A tsawon nan ba a ɗaga yaro ta hammata ko a ja shi ta hannu. Hannu ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawu, ɗaya a bayan kafaɗa. Da na nuna wa likita yadda muke goyo, nan take ya hana, domin ƙirjin yaro ke manne da bayan uwa ana kuma tamke zane. Hajiya kakarsa ba ta ji daɗi ba, amma da babansa ya yi mata bayani ta fahimta. 'Yan dubiya ma ki rage su, mai mura ya yi addu'arsa daga ƙofa, a kuma ajiye turaren wuta tukuna. Kada a shafa wa ɗinkin komai, ko man kaɗanya, sai abin da likita ya ce.

Ga kuskurena. A mako na uku jikinsa ya yi zafi, na ce maleriya ce, na aika kemis. Kwana biyu yana shan magani, ga kasala, ga numfashi sama-sama, abinci ya ƙi. Da muka je asibiti aka yi eko, wato hoton zuciya, sai ga ruwa ya taru a kewayen zuciya, abin da kan faru makonni bayan irin wannan aiki. Allah ya rufa asiri magani ya janye shi. Ki sayi abin auna zafin jiki. Da ya kai 38, ko ɗinki ya yi ja yana ruwa, ko numfashi ya canza, ko fuska ta kumbura, ki tafi asibiti, kuma maganar farko da za ki faɗa ita ce an yi mata aikin zuciya.

Ki adana takardar sallama da ta eko a leda guda, ki ɗauki hotonsu a waya. Ki tambayi lokacin da za ta ci gaba da rigakafi, musamman idan an ƙara mata jini. Ki kula da haƙoranta sosai, domin ƙwayoyin cutar baki na iya bin jini su kama zuciya.

Yaron da da ko tsotson nono sai ya yi gumi ya huta, yanzu sai na yi da gaske nake raba shi da ƙwallo. Wane irin rami aka ce miki nata ne, kuma watanta nawa? Ki faɗa min, in akwai abin da na sani zan ƙara. Allah ya sa a yi a sa'a, ya tashi kafaɗunta.