Amsa ga Almajiri: Kulle Gurbin Fom Bisa Abin da Ke Cikin Wani Gurbin

Yarona, na ji daɗin yadda ka tsaya ka gwada da hannunka kafin ka kawo mini tambaya. Ka ce a fom ɗin rasidai da kake haɗawa a Microsoft Access, manhajar adana bayanai, kana so gurbin Adadi ya kulle da zarar an zaɓi "An biya" a gurbin Matsayi, ka sa umarnin a ƙarƙashin AfterUpdate na Matsayi, wato wurin umarnin da ke aiki bayan an canza gurbin, ya yi aiki, amma da ka wuce zuwa rasidi na gaba sai ka tarar da shi ma a kulle, alhali ba a biya shi ba.

Dalilin ba mai nisa ba ne. Akwatin Adadi da kake gani a kan allo guda ɗaya ne tak, rasidai ne suke shiga cikinsa suna fita ɗaya bayan ɗaya, saboda haka idan ka kulle shi, a kulle zai zauna har sai an ba shi umarnin buɗewa. Shi kuwa AfterUpdate ba ya motsi sai lokacin da mutum ya canza abin da ke cikin gurbin. Wanda ke motsi duk sanda aka buɗe fom ko aka koma kan wani rasidi shi ne Current na fom ɗin kansa. Kana bukatar su duka biyun, amma kada ka rubuta sharaɗin sau biyu, domin ranar da za ka gyara ɗaya za ka manta da ɗayan. Ka rubuta shi a wuri guda, ka kira shi daga wuraren biyu:

Private Sub DubaKulli()
Me.Adadi.Locked = (Nz(Me.Matsayi, "") = "An biya")
End Sub

Ka lura da Nz ɗin nan, ba ado ba ne: shi ke sa "" a madadin abin da ke cikin gurbin idan babu komai a cikinsa. A sabon rasidi gurbin Matsayi babu komai a cikinsa, wato Null, kuma kwatanta Null da kowace kalma ba ya ba da e ko a'a, sai wani Null ɗin, daga nan fom ya tsaya da saƙon kuskure a gaban ma'aikaci.

Ni dai na fi son Locked, mai kulle gurbi, a kan Enabled, wanda ake kashe gurbi da shi, a irin wannan aiki, domin gurbin da aka kulle ana iya karanta shi sarai, a kwafi abin da ke ciki, amma wanda aka kashe yakan dusashe, linzami ma ba ya shiga cikinsa. Sai dai idan fom ɗinka mai jera rasidai da yawa a lokaci guda ne, wannan umarni zai taɓa dukkan layukan tare. A nan sai ka koma ga Conditional Formatting, wato tsara gurbi bisa sharaɗi, wanda ke iya kashe gurbin a layi ɗaya ya bar sauran.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne wanda ba ka tambaya ba. Na taɓa haɗa irin wannan fom ga wani kamfani, bayan 'yan watanni lissafi ya ƙi daidaituwa, da muka bi diddigi sai muka gano wani ma'aikaci yana mayar da Matsayi zuwa "Ba a biya ba", Adadi ya buɗe, ya canza lambar, sannan ya mayar da Matsayi yadda yake. Na kulle ƙofa, na bar mabuɗin a jikinta. Tun daga ranar nake duba Me.Matsayi.OldValue, wato abin da ke cikin Matsayi kafin a taɓa shi, a BeforeUpdate na fom, wanda ke motsi dab da ajiye rasidi, idan dama can an biya, sai in sa Cancel = True, ajiyar ba ta shiga.

Ko wannan ɗin ma iyakarsa fom. Wanda ya buɗe teburin da rasidai ke ajiye a ciki kai tsaye bai san da wani kulli ba, don haka ka sa dokar a jikin teburin da Before Change, umarnin da ke aiki kafin a ajiye canji a teburi, wanda Access ya zo da shi tun sigar 2010. Idan ka gama, ka gwada sabon rasidi, ka gwada tsoho, sannan ka canza Matsayi ka danna Esc ka ga ko kullin ya koma daidai. Idan bai koma ba, ka kawo mini fom ɗin mu duba Undo tare, wato wanda ke motsi idan an soke canji.