Harajin da Ake Cira a Albashin Wata: Yaya Ake Lissafa Shi?

Tambaya: Albashina naira 200,000 ne a wata, kuma ina son in san abin da ya kamata a cire mini na haraji. Daga wata malamar makaranta, Zariya.

Amsa: Malama, lissafin na shekara ne, daga baya ake raba shi gida goma sha biyu. Albashinki na shekara naira 2,400,000 ne. Idan aka ɗauka cewa kashi 8 cikin ɗari na fansho a kan dukan albashin ake cire shi, naira 192,000 ta fita, saura 2,208,000.

Bisa sabuwar dokar harajin Najeriya da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 ta farko ba a karɓar komai a kanta, sannan naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari. Naira 1,408,000 ce ta rage miki, harajinta 211,200, wato 17,600 duk wata.

Idan gidan haya kike zaune, kai rasit ofishin biyan albashi, domin ana sauke kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar, iyakarsa naira 500,000, kafin a lissafa harajin.